Ciwon Ƙirjin Azumi

Sa'adu ya zare abin sauraron ƙirji daga kunnuwansa ya dangwarar da shi a kan tebur, don ya gaji da sauraron huhun da ba abin da ke damunsa. Wadda ke zaune a gabansa wata yarinya ce Bafulatana mai jego, sunanta Azumi. Numfashinta sumul, zuciyarta na bugawa kamar ta kowa. Amma tun da ta zauna a bencin nan magana ɗaya take maimaitawa, ita ma can cikin maƙoshi, wai ƙirjinta ke ciwo. Ya tambaye ta ina ne a ƙirjin, ta yi shiru. Ya tambaye ta tun yaushe, ta dubi yatsun ƙafarta. Duk amsar da ya samu daga bakin goggonta ta fito, wata doguwar tsohuwa da ke zaune a gefe rungume da jinjiri cikin zane, wadda ba ta jiran a gama tambaya kafin ta amsa.

Ranar kasuwar Dakoro ce, kuma bazara ta kai bazara. Tun da hantsi layi ya fita daga rumfar gidan likita ya kai gindin aduwa. Ga mai ciwon ido, ga mai kurkunu, ga wanda raƙumi ya ciza a kafaɗa, ga mata masu goyo da 'ya'yansu ke ta tsala ihu har kan mutum ya ɗauki zafi. Duk faɗin ƙasar nan, daga Kornaka har Bader Goula, Sa'adu ne kaɗai mai allura. Ana ce masa likita, amma shi ya san ma'aikacin jinya ne da Nasara suka koyar a Yamai, suka jefo shi nan jim kaɗan bayan sun kafa bariki. Likitan gaske Bature ne, yana zaune Maradi, sai hanya ta yi kyau kuma ransa ya so yake leƙowa. To a irin wannan rana ce mutum zai zauna yana lallashin mai lafiya ta faɗi ciwonta.

Ya kira Uwale, ungozomar da ke taya shi da sha'anin mata, ya ce ta shiga da yarinyar bayan labule ta duba ta da kyau. Ba su daɗe ba Uwale ta fito tana goge hannu da gefen zane.

"Nono ne ya cika," in ji ta. "Ya yi tauri kamar dutsi, har rigarta ta jiƙe. Ba wani ciwo nan."

Sa'adu ya yi tsaki a ransa. Ya ƙunshe ƙwayoyin aspirin a takarda ya miƙa wa tsohuwar, ya ce a gasa mata da ruwan ɗumi, a yawaita ba yaro ya sha, kwana biyu zai sauka. Ya ɗaga murya ya ce mai raƙumi ya shigo. Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin zane, tana cewa su hanzarta, baban Azumi, Jimrau, yana kasuwar dabbobi wajen neman ragon suna, kuma rugarsu ba kusa ba. Ta kai bakin ƙofa ta waiwayo. Azumi na nan zaune inda take, ta kama gefen benci da hannu biyu.

Goggo ta kira ta, ta yi kunnen uwar shegu. Uwale ta taɓa kafaɗarta, ba ta motsa ba. Mai raƙumi ya tsaya a ƙofa yana nishi, jini na ɗiga a ƙasa. Ran Sa'adu ya kai maƙura. Ya buɗe baki zai ce mata nan ba zauren hira ba ne, sai wani yaro a rumfa ya sake tsandara ihun da ya sa shi runtse ido. A cikin runtse idon nan ne wani abu ya faɗo masa. Tun da mutanen nan suka shigo, ana ta magana, ana jan benci, ana buga kwano, bai ji ko tari daga cikin zanen da tsohuwar ke rungume da shi ba. Nono ya cika har yana zuba, ga kuma jinjiri da bai nema ba.

Ya ce wa mai raƙumi ya danne ciwon da tsumma ya jira. Ya tambayi Goggo ko yaron na shan nono.

Fuskar tsohuwar ta washe, karo na farko. Ta ce ai wannan yaro Allah ya yi masa albarka. Ba ya kuka, ba ya fitina, ba ya tashin kowa. Kwanakin farko ne ya ɗan yi rigima, amma daga baya ya nutsu, sai barci kamar babban mutum. Duk matan ruga sun zo sun gani, kowa na cewa haƙurin kakansa ya ɗauko. Da Sa'adu ya sake tambaya ko yana sha, ta ce in ya ji yunwa ai zai sha, wa ya taɓa ganin an yi wa jinjiri dole.

"Ɗan hwari ne?" ya tambaya.

"Shi ne," in ji Goggo.

Nan takaicin Sa'adu ya ƙaru, don yanzu ya gane abin da aka zo yi masa. Shi kansa ɗan fari ne. Har ya yi gemu uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take ce masa, kuma ranar da zai tafi makaranta Yamai tana can bayan ɗaki tana tankaɗe, ko leƙowa ba ta yi ba. Wannan kunyar Hausawa ke nan. Ta Fulani kuwa ta ninka ta. Yarinya ba ta duban ɗanta na fari a gaban manya, ba ta ɗaukarsa sai an miƙa mata, balle ta buɗe baki ta ce ta lura ba ya cin abinci. Ta faɗi haka, ta nuna ke nan idonta na kansa, a yi ta yi da ita har ta tsufa. Azumi ba ta da bakin da za ta ce ɗanta ba shi da lafiya. Sai ta ce ita ce ba ta da lafiya, ta nace har aka ɗora mai jego a kan jaki cikin wannan rana aka kawo ta gari.

Ya ce a kwantar masa da yaron a tebur. Goggo ta yi gunaguni, ta ce ba shi ne majinyacin ba, amma ta kwantar. Sa'adu ya buɗe zanen. A wannan zafi da ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ƙafafun yaron sanyi ƙalau. Ya ɗaga hannunsa ya saki, ya faɗi yaraf. Numfashin na sauri-sauri, da ɗan nishi a ƙarshen kowane. Farin idonsa ya soma rawaya. Cibiya ta yi ja ta kumbura, tana wari a ƙarƙashin toka da man shanun da aka shafa, kuma jan ya fara bin fatar ciki. Ya wanke ɗan yatsa ya sa masa a baki. Muƙamuƙin bai ƙulle ba, ke nan ba ciwon sandarewa ba ne, wannan kam ya gode Allah, amma yaron bai ko yi yunƙurin tsotsa ba. Ya sa ma'aunin zafi, ya cire, ya karkaɗa, ya sake sawa. Bai hau ba, ƙasa ma ya yi.

Yana da madubin duba jini a kusurwar ɗaki, amma ƙwayar zazzaɓin sauro kawai yake nuna masa. Abin da yake zato ya shiga jinin yaron nan ta cibiya ba a ganinsa haka. A makaranta an gaya musu sai an ɗebi jinin an rene shi cikin kwalba, kuma masu wannan kwalba suna Dakar. Kafin amsa ta dawo Dakoro ciyawa ta fito a kan kabari. Abin da yake da shi ke nan: ido, hannu, hanci, da rigar uwa da ta jiƙe.

Maganin kuwa akwai shi. 'Yan kwalaben penisilin ne da yake ajiyewa cikin randa, binne a jiƙaƙƙen rairayi don kada zafi ya kashe su. Amma Baturen likita ya ja masa kunne a zuwansa na ƙarshe, ya ce maganin nan tsada gare shi kuma ba ya isa, kada a taɓa shi sai ga mai zazzaɓi mai zafi, shi ma sai an buga waya Maradi an nemi izini. Wayar ta tsinke tun makon jiya, an ce raƙumi ne ya yi susa da sandarta.

Ya gaya wa Goggo yaron na bukatar allura, yanzu, kuma ba ɗaya ba. Tsohuwar ta dube shi kamar ya zage ta. Ta ce yaron da ba a raɗa wa suna ba, askar wanzami ba ta taɓa kansa ba, shi za a soka wa ƙarfe? Ubansa na can arewa da shanu, in wani abu ya faru wace amsa za ta ba danginsa? Kuma ma wane ciwo? Ta taɓa goshinsa ta ce a ji, ko ɗumi babu. Mai ciwo ai jikinsa zafi yake yi.

Sa'adu ya dafe kai. Tun da ya fara aiki bai taɓa ganin Bature da tsohuwar ruga sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai yau, kuma duk su biyun a kan kuskure.

"Goggo, ki saurare ni," ya ce, yana ƙoƙarin kada muryarsa ta hau. "Babba in cuta ta shiga jininai, jiki shina zahi, don shina hwaɗa da ita. Jinjiri ba shi da ƙarhin hwaɗa. Sanyi shika yi. Shi bar kuka, shi bar nono, shi yi ta kwana, mutane na yabon haƙurinai. Daga nan sai a tashe shi a ga ba shi tashi. Wanga shirun da kuke yabo, shi ne ciwon."

Tsohuwar ta tsaya tana duban yaron, bakinta a ɗan buɗe, har Sa'adu ya ɗauka ya ci nasara. Sai ta ja zanenta ta ce ita dai ba da bakinta ba.

Ya juya ga uwar. Ya san bai kamata ba, amma ya rasa ta yi. Ya durƙusa daidai fuskarta ya ce ita ce ta haife shi, ita ta san rabonsa da nono, ta faɗa masa kalma ɗaya kawai.

"Ni ban kula ba," in ji Azumi, idonta a bango.

Da a ce ba a gaban mutane ba ne da Sa'adu ya yi jifa da kwanon allura. Ga yaro yana mutuwa a kan teburinsa, ga magani cikin randa taku biyu daga nan, ga mata biyu da ke son yaron nan kamar ransu, amma an rasa wadda za ta ce to. Ya miƙe ya tsaya yana huci, yana jin mai raƙumi a ƙofa yana tambayar ko an manta da shi ne.

Sai Azumi ta tashi. Ta gyara lulluɓi ta ce, a hankali, "Goggo, raka ni in zaga."

Mai jego ba ta zagawa ita kaɗai, wannan kowa ya sani. Goggo ta miƙa hannu za ta ɗauki yaron, Azumi ta ce ai ba a shiga da jinjiri irin wurin nan. Wannan ma kowa ya sani. Tsohuwar ta janye hannunta, ta wuce gaba. A bakin ƙofa yarinyar ta tsaya. Ba ta dubi ɗanta ba. Ta dubi tukunyar da allurai ke tafasa a ciki, ta dubi Sa'adu ido cikin ido, sannan ta fita.

Bai jira ba. Ya tono kwalba daga randa, ya haɗa, ya auna ɗan abin da jikin nan zai ɗauka. Uwale ta riƙe cinyar tana cewa in yaron nan ya mutu a wuyansa yake, ga Fulani ga Bature. Ya ce ya sani. Allurar ta shiga ta fito, yaron bai ko yamutsa fuska ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi. Ya wanke cibiyar tas, ya ɗaure da tsabtataccen ƙyalle.

Da suka dawo ya murtuke fuska ya ce ya sake tunani, ciwon ƙirjin Azumi ya fi yadda ya zata, ba za ta iya hawa jaki ba, sai ta kwanta a ɗakin baya. Ya jero maganin. Dole a kwantar da yaron a kan ƙirjin nata, fata da fata, a rufe su da zane ɗaya. Dole a riƙa tatse nonon, kuma tun da zubar da shi haramun ne, a ɗiga wa yaron da cokali kaɗan-kaɗan. Uwale ta juya baya tana tari don kada dariya ta kufce mata. Azumi ta ce to, da muryar wadda aka ɗora wa wahala.

Jimrau ya iso bayan azahar da rago. Ya saurari bayani, ya ce shi bai taɓa jin ciwon ƙirjin da ke hana suna ba, amma ya ɗaure ragon a gindin aduwa ya koma kasuwa. Ragon nan kuwa bai rufe baki ba har magariba. Sa'adu ya ɗinke kafaɗar mai raƙumi, ya ɗiga maganin ido, ya naɗe kurkunu a tsinke, kansa na sarawa, kuma duk bayan wani lokaci sai ya leƙa ɗakin baya ya yi gyaran murya. Da ya yi, sai Azumi ta ce za ta zaga. Goggo ta tashi tana mita, wai wane irin ciki ne wannan, su fita, shi kuma ya shiga da allura. Haka aka yi da la'asar, haka aka yi da dare, haka aka wayi gari. Yaron na nan yadda yake. Cokalin nono rabi ya shiga rabi ya dawo. Sa'adu ya soma lissafin abin da zai gaya wa Bature, da wanda zai gaya wa uban yaro, ya ga duk ba mai daɗi.

Washegari da hantsi ya taɓa ƙafafun ya ji kamar sun yi ɗumi, amma bai yarda da hannunsa ba. Da azahar yaron ya ɗan kama cokali da leɓe. Da la'asar, matan sun fita kamar kullum, Uwale ta riƙe cinya, allura ta shiga. Fuskar yaron ta tattare, ta yi ja, bakin ya buɗe. Da farko wata 'yar ƙara ce kamar ta ɗan akuya. Sannan ya ja numfashi ya saki ihun da ya cika ɗakin, ya fita ta taga, har ragon Jimrau ya yi shiru. Sa'adu, wanda kwana biyu ke nan yana roƙon Allah ya raba shi da kukan yara, ya tsaya da allura a hannu yana jin hawaye na neman zubo masa.

A haka Goggo ta same shi. Ta dubi allurar, ta dubi yaron, ba abin da za a ɓoye kuma. Ta fizge jinjirin tana faɗa, wai an kawo yaro mai haƙuri an mayar da shi mafaɗaci, yanzu wa zai yi barci a ruga. Ta dangwara wa Azumi shi a cinya ta ce ta toshe masa baki. Yaron ya lalubi nono ya kama, ya shiga ja har ana jin haɗiyarsa. Azumi ta kau da kai can gefe kamar abin bai shafe ta ba.

"Wanga yaro ya cika hitina," ta ce wa bango. Amma hannunta na ƙarƙashin zane, ya riƙe ƙafar yaron gam.

Sa'adu ya share fuska da hannun riga. Ya ce wa Goggo ba a gama ba, ciwo irin wannan yakan yi kwanton ɓauna, sai sun ƙara kwanaki, suna kuwa a yi shi nan gindin aduwa in ana so. Ya gyara tsayuwa yana jiran rigima, don ya riga ya tanadi amsoshi.

Tsohuwar ba ta yi rigima ba. Ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana kallon yaron yana sha. Da ta yi magana ba shi ta duba ba.

"Ni ma na taɓa samun mai shiru irin wanga," ta ce. "Na hwari. An yabe shi ƙwarai. Bai kai suna ba."

Uwale ta kwashe kwanoni ta fita. Sa'adu ya koma wajen masu jira a rumfa.

Gab da magariba ya ɗora allura a wuta. Ruwan bai ko tafasa ba, bai kuma yi gyaran murya ba, ya jiyo muryar Goggo daga ɗakin baya.

"Azumi, aje shi nan. Tashi in raka ki."